Littafin lissafi ɗaya, kowa da makullinsa: yadda ake aiki da manhajar lissafi daga nesa a Abijan

Ɗan kasuwar da ofishinsa ke Treichville, mangazarsa na Adjamé, mai sayo masa kaya kuma na Galmi ko Maradi, yana iya tara lissafinsa duka a kwamfuta guda, kowa ya riƙa shiga daga inda yake. Da Faransanci ana kiran wannan tsari bureau à distance. Ga yadda yake aiki, abin da ake biya, abin da dokar OHADA ta tanada, da wuraren da ɓarna ke shigowa.

Tsakanin Treichville da Adjamé ba wata tafiya ba ce mai nisa. A haye gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle, a ratsa Plateau, an iso. Sai dai wanda ya san cunkoson motocin Abijan ya san wannan ɗan tsakanin na iya cinye masa safiya. Saboda haka gidan kasuwancin da ya bunƙasa, ko na sarin albasa ne, ko katako, ko shinkafa, yakan wayi gari da littafi fiye da ɗaya. Kwantabul, wato akanta, yana da nasa a kwamfutar ofis, kusa da tashar jiragen ruwa. Yaron mangaza yana da nasa a Adjamé. Maigida kuma yana da abin da aka turo masa ta WhatsApp.

Ranar da aka zo haɗa lissafin wata ake gane tsadar hakan. Littafin mangaza ya ce buhu 400 suka rage, na ofis ya ce 460. Wani mai sari ya biya rabin bashinsa a Adjamé, ofis bai sani ba, an aika masa yaro ya je karɓar kuɗin da ya riga ya biya. Ba lallai ne wani ya ci amana ba. Kwafi uku na littafi ɗaya ba sa taɓa zama daidai, kuma daga nan zargi ke shiga tsakanin maigida da yaran da suka shekara goma tare da shi.

Yadda tsarin yake aiki

Maganin shi ne littafin ya zama ɗaya tak. Ana saka manhajar lissafin da duk bayananta a babbar kwamfuta guda, wadda ake kira serveur da Faransanci, a Hausa kuma uwar garke. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci manhajar da aka fi sani ita ce Sage 100, wadda har yau mutane ke kira Saari, sunan kamfanin Faransa da Sage ya saya a 1994. A Kano an fi jin QuickBooks da Tally. Dukkansu an gina su ne don su zauna a kwamfutar Windows.

Yaron da ke Adjamé ba ya buƙatar manhajar a tasa kwamfutar. Yana buɗe wani ɗan shiri da ke cikin Windows, Connexion Bureau à distance, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, sai allon uwar garken ya bayyana a gabansa kamar yana zaune a ofishin Treichville. Abin da ke tafiya ta intanet shi ne hoton allon daga can zuwa nan, da abin da ya danna daga nan zuwa can. Lissafin kansa ba ya barin uwar garken. A daidai lokacin kwantabul na nasa aikin, mai karɓar kuɗi na nasa, kowa da allonsa, ba mai ganin na wani, amma duk abin da suka shigar littafi guda yake faɗawa. Buhun da ya fita a Adjamé da ƙarfe goma, maigida zai gan shi a wayarsa kafin ƙarfe goma da minti ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Microsoft ya fito da ita a 1998 da sunan Terminal Server, shi ya sa tsofaffin masu gyara ke ce mata TSE. Daga Windows Server 2008 R2 aka sake mata suna zuwa Remote Desktop Services, ko RDS a taƙaice.

Akwai bambanci tsakaninta da AnyDesk ko TeamViewer, waɗanda mutane da yawa suka saba da su. Waɗannan suna miƙa wa na nesa allon kwamfuta guda ne. Idan maigida ya shiga, kwantabul sai ya ɗage hannu ya jira. Haka ma Windows 10 ko 11 na Pro: yana karɓar mai shiga daga nesa, amma mutum ɗaya a lokaci guda.

Me ya hana a buɗe fayil ɗin ta intanet kawai?

Wannan ce hanyar da aka fi gwadawa da farko, domin ba ta cin kuɗi: a ajiye fayil ɗin lissafi a Google Drive ko Dropbox, ko a haɗa ofis da mangaza ta intanet kowa ya buɗe fayil ɗin kai tsaye. Ita ce kuma ta fi lalata lissafi.

Manhajar lissafi ba ta rubuta abu a wuri ɗaya. Faktir guda na taɓa asusun mai saye, asusun ciniki, harajin TVA da adadin kayan da ke sito. An tsara ta ne ta yi wannan kai da komo a kan waya mai sauri cikin gini ɗaya. Idan rezo ya yanke ana tsakiyar rubutu, sai wani ɓangare ya shiga wani bai shiga ba, fayil ɗin ya gurgunce. Su kuma Google Drive da Dropbox, idan mutum biyu suka taɓa fayil a lokaci guda, sukan ajiye kwafi biyu masu saɓani, an koma gidan jiya ke nan.

A tsarin shiga daga nesa, yankewar rezo hoton allo kawai take ɗaukewa. Aikin yana nan a uwar garken yadda aka bar shi. Da layi ya dawo, yaron ya sake shiga, zai tarar da faktir ɗinsa a layin da ya tsaya. Wannan ce babbar fa'idar tsarin ga wanda ke aiki da intanet na waya.

Lasisi iri uku

A nan ne ƴan kasuwa suka fi shan mamaki, domin kuɗin kwamfutar ba shi ne ƙarshen biya ba. Gidan da mutum biyar za su riƙa shiga yana buƙatar izini hawa uku.

Na farko lasisin Windows Server, tare da izinin kowane mai amfani da shi, wanda ake kira CAL. Na biyu izinin shiga daga nesa, RDS CAL, shi ma biyar. Na uku lasisin manhajar lissafin kanta na mutum biyar, domin lasisin mutum ɗaya ba ya zama na biyar don kawai an ɗora shi a uwar garke. Idan ana son Excel a can, shi ma yana da nasa nau'in lasisin na kwamfutar da jama'a ke tarayya a kai.

Ana sayen RDS CAL ko dai da sunan mutum ko da sunan na'ura. Maigidan da ke shiga ta waya, ta kwamfutar ofis da ta gida, na mutum ya fi masa. Shagon da yara uku ke karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya, na na'ura guda ya wadatar.

Akwai tarko biyu. Windows Server yana barin mutum biyu su shiga daga nesa ba tare da RDS CAL ba, amma don kula da na'urar aka ba da wannan dama, ba don aikin yau da kullum ba. Sannan idan aka kunna RDS, Microsoft yana ba da rangwamen kwana 120 kafin ya nemi lasisi. Mai haɗawa na iya miƙa aiki komai na tafiya lafiya, ya karɓi kuɗinsa, bayan wata huɗu ƙofa ta rufe, wataƙila ana tsakiyar shirya sanarwar haraji. Araha ba ta ado. Duk lasisin da aka biya, a ga takardarsa, kuma ta kasance da sunan kamfanin, ba da sunan mai haɗawa ba.

Abin da dokar OHADA ta tanada

Kodebuwa (Côte d'Ivoire) tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ranar 17 ga Oktoban 1993, kuma babbar kotunta, CCJA, a Abijan take zama. Tsarin lissafin da ƙasashen ke bi, SYSCOHADA da aka yi wa kwaskwarima, an amince da shi a Brazzaville ranar 26 ga Janairun 2017, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018.

Sashe na 22 na dokar ya yi magana kai tsaye kan lissafin da ake yi da kwamfuta. Ya buƙaci kowace shigarwa ta nuna asalinta kuma ta dogara da takardar shaida. Ya buƙaci a tabbatar da abin da aka shigar aƙalla sau ɗaya a wata, ta yadda bayan tabbatarwa ba za a iya gogewa ko sauyawa ba. Ya kuma buƙaci a riƙa rufe lissafin a kwamfuta aƙalla duk wata uku, don kada a cusa wani abu a kwanan watan da ya wuce. Sashe na 24 ya ce a ajiye littattafai da takardun shaida shekara goma.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne kowa ya shiga da sunansa. Gidan da mutum biyar ke shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya ya zubar da rabin amfanin tsarin, domin ranar da aka ga an rage farashin buhu 50 ba za a san hannun wa ba ne. Manhajojin suna ba da damar a yanka wa kowa iyakarsa. Yaron mangaza ya shigar da kaya ya fitar, ba tare da ganin ribar gida ba. Mai karɓar kuɗi ya taɓa asusun akwati, 571, kada ya taɓa na banki, 521. Rufe wata kuwa a bar wa kwantabul shi kaɗai. Wannan kariya ce ga maigida, kariya ce kuma ga yaron kirki, wanda sunansa zai wanke shi ranar da lissafi ya ƙi fita.

Wasu ayyukan, kamar rufe shekara, ba sa yiwuwa sai kowa ya fita daga manhajar. Wanda ya rufe tagar kawai bai fita ba, zamansa yana nan a buɗe, yana riƙe da lasisi yana kuma tare wa kwantabul hanya. Ana iya saita uwar garken ta kori zaman da aka bari bayan wani lokaci, amma gara a koya wa yara danna Se déconnecter idan sun tashi.

Ga kuma batun faktir. A 2025 hukumar haraji ta Kodebuwa, DGI, ta shiga aiwatar da faktir na lantarki, FNE, wanda ake tabbatarwa ta dandalinta na intanet. Kafin a kashe kuɗi kan tsohuwar manhaja, a tambayi mai sayarwa ko nau'in da ake da shi yana iya haɗuwa da wannan dandali, in ba haka ba kowane faktir sai an rubuta shi sau biyu.

Ina za a ajiye uwar garken?

Wuri uku ne, kowanne da nauyinsa.

Ana iya ajiye ta a ofishin Treichville. Bayanan suna hannun mai su, kuma ko intanet ya ɗauke, na cikin ofis za su ci gaba da aiki. Amma tana son ɗaki mai sanyi da makulli, da na'urar riƙe wuta, wato onduleur. Duk da cewa hedikwatar kamfanin lantarki na CIE a Treichville take, mazauna Abijan ba su manta da rabon wutar da aka yi a 2021 ba. Idan wuta ta ɗauke a ofis, Adjamé ma ta tsaya, ko da can akwai wuta.

Ana iya kama haya a cibiyar ajiyar bayanai ta cikin gida. A yankin fasaha na VITIB da ke Grand-Bassam akwai cibiyar MainOne, wadda kamfanin Equinix na Amurka ya saya a 2022, da ta Raxio da aka buɗe a 2024. Wuta da sanyi sun zama nauyin mai haya, kuma sau da yawa kuɗin lasisin Windows yana cikin kuɗin wata.

Ana iya kama hayar a Turai. Wanda ke biya da yuro ya san abin da zai biya, tunda yuro ɗaya sefa 655 da ɗigo 957 ne ba ya motsi. Amma duk aikin ya rataya ne a kan wayoyin da ke ƙarƙashin teku. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, wayoyi huɗu, WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodebuwa. Ƙasar tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, masu layin Orange da MTN suka rasa intanet, gyaran wayoyin kuma ya ɗauki makonni. Wanda littafinsa ke Faransa kuma layinsa ya ɗauke a ranar, sai da ya nemi biro da takarda.

Ko ina aka zaɓa, mangaza na buƙatar layin intanet na biyu daga wani kamfani daban, da ƙaramin littafin hannu na ranar da komai ya tsaya, wanda za a shigar da abin da ke cikinsa da zarar layi ya dawo.

Ƙofa mai lamba 3389

Tsarin shiga daga nesa yana sauraro ne ta wata ƙofa mai lamba 3389. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai haɗawa ita ce ya buɗe wannan ƙofa ga intanet baki ɗaya, aiki ya tashi cikin minti goma. Sai dai masu kutse suna da manhajojin da ke zagaya intanet dare da rana suna neman wannan ƙofa, su yi ta gwada kalmomin sirri dubbai har ɗaya ta buɗe. Ba ruwansu da girman kamfani, ba su ma san ko albasa ake sayarwa ko siminti ba. Idan sun shiga sukan kulle duk fayilolin da wani makulli nasu, su nemi kuɗin fansa. Hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan hanya tun watan Satumban 2018. A watan Mayun 2019 kuma aka bayyana wata ɓaraka da aka laƙaba wa BlueKeep, wadda ke barin a shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Girman haɗarinta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP da ya daɗe da daina kulawa da shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofar ba ta zama a buɗe ga duniya. Ana sa ta bayan VPN, wato keɓantacciyar hanyar da sai mai izini ke bi, ko bayan mashigar Microsoft da ake kira passerelle Bureau à distance. Canza lambar ƙofar daga 3389 zuwa wata ba kariya ba ce, masu nema za su gano ta. A ƙara da lambar tabbatarwa da ke zuwa ta waya, a saita na'urar ta toshe sunan da aka yi ta kuskuren kalmar sirrinsa, kuma yaron da ya bar aiki a rufe sunansa a ranar. Tsohon Windows ma tsagewar bango ce: Windows Server 2012 R2 ya daina samun gyaran tsaro na kowa da kowa ranar 10 ga Oktoban 2023, na 2016 kuma wa'adinsa 12 ga Janairun 2027. Wanda aka yi wa kutse a Kodebuwa yana kai ƙara ne sashen yaƙi da laifukan intanet, PLCC.

Kwafin ajiya

Da littafi ya zama ɗaya, asararsa ma ta zama ta gaba ɗaya. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban. Aƙalla kwafi ɗaya ya zama ba ya jone da uwar garken, domin masu kulle fayiloli sukan kulle duk abin da suka tarar a jone.

Haya a babban kamfani ba ta ɗauke wannan nauyi. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg na Faransa, kuma wasu masu hayar da kwafinsu ke wuri guda da uwar garkensu sun rasa duka biyun. Kwafin da ba a taɓa gwada buɗewa ba kuwa, fata ne kawai. Duk ƴan watanni a ɗauko shi a buɗe a wata kwamfutar, kwantabul ya duba ko lissafin watan jiya yana ciki.

Idan akwai reshe a Maradi ko Kano

Ɗan'uwan da ke loda mota a Galmi yana iya shigar da lodin tun kafin motar ta tashi. Nijar ma tana cikin OHADA, don haka lambobin asusu ɗaya ne, 411 masu saye, 401 masu kawo kaya, 701 cinikin kaya. Amma idan kamfanin Maradi daban aka yi masa rajista, littafinsa daban ne ko da a uwar garke ɗaya suke zaune, kuma harajin TVA kashi 19 ne a Nijar, kashi 18 a Kodebuwa. Najeriya da Ghana ba sa cikin OHADA, lissafin Kano da naira ake yinsa bisa wasu ƙa'idoji daban.

Littafin lissafi yana ɗauke da sunayen mutane, lambobin wayarsu, bashinsu da albashin ma'aikata. Dokar Kodebuwa mai lamba 2013-450 ta 19 ga Yunin 2013 ta buƙaci izinin hukumar ARTCI kafin a fitar da irin waɗannan bayanai zuwa ƙasar da ba ta cikin CEDEAO. Wannan ya shafi mai haya a Faransa. Tunda Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, wanda ke raba bayanai da reshen Maradi ma ya kamata ya nemi shawarar masanin doka.

Wa tsarin ya dace da shi?

Ba kowa ba. Mai shago ɗaya da cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba, dokar OHADA ta sauƙaƙa masa da ƙaramin tsarin lissafin shiga da fitar kuɗi, kwamfuta ɗaya da kwafin ajiya sun ishe shi. Wanda zai fara daga tushe yana iya duba manhajojin da aka gina don intanet tun asali, irin su Odoo, waɗanda ba sa buƙatar RDS. Tsarin shiga daga nesa ya fi dacewa da gidan da ya riga ya tara shekaru a Sage ko makamanciyarta, kwantabul ɗinsa ya ƙware a kai, kuma aikin ya rabu wuri biyu ko fiye.

Maigida ba ya buƙatar sanin kwamfuta kafin ya riƙe ragamar abin. Kafin ya biya mai haɗawa, ya nemi amsar waɗannan a rubuce: da sunan wa lasisin suke, kuma na mutum nawa ne? Ƙofar 3389 a buɗe take ga intanet ko tana bayan VPN? Ina kwafin ajiya yake kwana, yaushe aka gwada buɗe shi? Idan uwar garken ta mutu ranar Litinin da safe, awa nawa kafin aiki ya dawo? Babbar kalmar sirrin da ke buɗe komai kuma, wadda ake kira ta administrateur, a rubuta ta a rufe a ambulan, ta kwana a akwatin ƙarfen maigida tare da takardun kamfani.